JIRGIN YAƘI BISA TEBUR: YADDA AKE ƘERA MAKET ƊIN «JOHNSTON»

Akwai wata sana'ar hannu a ƙasashen bakin teku wadda ba ta ciyar da mai ita, sai ma ta ci kuɗinsa da idanunsa, amma duk da haka mutane da yawa ke yin ta, tun daga ƴan makaranta har zuwa tsofaffin sojan ruwa da suka aje aiki. Sana'ar ita ce ƙera ƙaramin kwatancin jirgin ruwa, abin da Faransawa ke ce ma maket. Yaron da ya taɓa fere kara ya haɗa mota, ya yi mata ƙafafu da sakaina, ya san mafarin abin. Inda suka rabu da mai maket shi ne wajen awo. Yaro yana yin motarsa yadda ta yi masa kyau a ido. Mai maket kuwa ba shi da wannan ƴanci, domin kowace ƙofa da kowace igiya tilas ta zo daidai da ta jirgin gaske, an rage girmanta da lissafi guda.

Da fari aikin na hukuma ne. Tun cikin ƙarni na 17 hukumar jiragen yaƙin Ingila ke sa gwanaye su ƙera ƙananan jirage na itace, galibi an rage girmansu sau 48, kuma da yawa daga cikinsu suna nan ajiye a gidajen tarihi na can har yau. A Faransa, wani masani mai suna Duhamel du Monceau ya ba Sarki Luwi na 15 kyautar tarin maket ɗin da ya mallaka a shekarar 1748, daga wannan kyauta ce gidan tarihin jiragen ruwa na Paris ya samo tushe. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma, kamfanin Gibbs & Cox na Amurka, mai zana jiragen yaƙi, yana da sashe guda na masu maket, saboda abin da takarda ke ɓoye ma injiniya, misali bututu biyu da za su yi karo cikin ɗakin inji, maket yakan tona shi tun ba a yanka ƙarfe ba.

Cikin jiragen da masu sana'ar ke so akwai irin wanda Ingilishi ke kira distiroya, Faransawa kuma su ce kontir-torpiyar. An ƙago shi ne wajen ƙarshen ƙarni na 19 domin ya farauci ƙananan jirage masu harba topido, watau dogon bom mai injin kansa wanda ke tafiya cikin ruwa ya huda cikin babban jirgi. Kafin zuwan Yaƙin Duniya na Biyu ya zama ɗan aiken rundunar ruwa: shi ke rakiyar manyan jirage, shi ke bin sawun jirgin ƙarƙashin ruwa, shi ke kakkaɓo jiragen sama, in an nutsar da wani jirgi kuma shi ke tsamo mutane. Ba shi da sulke irin na manya. Sojan ruwan Amurka da ke aiki cikinsa gwangwani suke ce masa, kuma ba su yi ƙarya ba, tun da inda bangonsa ya fi kauri bai cika santimetir 2 ba.

Irin da Amurka ta fi ƙerawa shi ne wanda ake kira «Fletcher», da sunan na farkonsu. Guda 175 suka shiga aiki tsakanin 1942 da farkon 1945, an ƙera su a maƙera 11. Tsawon kowane ɗaya metir 115 ne ba kaɗan, watau ya ɗara filin ƙwallon ƙafa, amma faɗinsa metir 12 kurum, siriri kamar kifi. Tukwanen tururi 4 ke juya farfela 2 da ƙarfin doki 60,000, har ya yi gudun kilometir 67 a awa. Yana ɗauke da igwa 5 masu faɗin baki milimetir 127, da bututun harba topido 10, biyar-biyar a wuri biyu, da mutane fiye da 300. Guda 19 suka nutse cikin yaƙin. Waɗanda suka tsira kuwa sun daɗe suna aiki a rundunonin ƙasashe dabam dabam, na ƙarshensu sai a 2001 ƙasar Meziko ta sallame shi.

Jirgi mai lamba 557

«Johnston» ɗaya ne daga cikin 175 ɗin nan. An fara ƙirarsa a birnin Siyatil ran 6 ga Mayu 1942, aka tura shi ruwa ran 25 ga Maris 1943, ya shiga aiki ran 27 ga Oktoba 1943 ƙarƙashin Kwamanda Ernest Evans, mutumin jihar Oklahoma, jinin ƙabilun Cherokee da Creek, ƴan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa. A ranar ce Evans ya gaya ma mutanensa cewa wurin haɗari zai kai jirgin, wanda bai son zuwa ya sauka tun da wuri.

Saura kwana biyu jirgin ya cika shekara a aiki, ran 25 ga Oktoba 1944 da sassafe, yana gabas da tsibirin Samar a ƙasar Filifin, cikin wata ƴar ƙungiya mai jirage 13: ƙananan masu dakon jiragen sama 6, distiroya 3, da wasu ƴan rakiya 4 da ba su kai su girma ba. Aikinsu taimakon sojan ƙasa da suka sauka tsibirin Leyte kwana biyar kafin nan. Wajen ƙarfe 7 saura, sai ga rundunar Japan ƙarƙashin Admiral Kurita ta ɓullo daga arewa: manyan jiragen sulke 4, kuruza 8, distiroya 11. Cikinsu har da «Yamato», wanda shi kaɗai nauyinsa ya kai wajen tan 70,000, bakin igwarsa kuma milimetir 460.

Evans bai jira umurni ba. Ya sa aka turnuƙe teku da hayaƙi domin a ɓoye masu dakon jiragen sama, ya juya goshin jirginsa ya fuskanci abokan gaba, ya yi ta harbin kuruza «Kumano» har ya matsa kusa ya saki topidonsa duka goma, aka fille ma «Kumano» goshi. Jim kaɗan manyan harsasai uku da wasu ƙanana uku suka faɗa ma «Johnston». Inji ɗaya ya mutu, gudu ya ragu zuwa wajen kilometir 31 a awa, Evans kansa ya rasa yatsu biyu. Wani hadari da ya taso ya lulluɓe su na ƴan mintoci suka yi gyaran da za su iya, sa'an nan suka koma fagen fama ba su da topido ko ɗaya. Da ɗakin tuƙi ya ƙi zaunuwa saboda wuta, Evans ya koma bayan jirgi yana ƙwala umurni ta wata ƙofa zuwa ga mutanen da ke juya akalar jirgin da hannu a ƙasa. Ƙarfe 10 saura kwata aka ba da umurnin barin jirgi, ƙarfe 10 da minti 10 ya nutse. Cikin mutum 327 da ke ciki 141 suka tsira, bayan sun yi kwana biyu bisa ruwa. 186 suka halaka, har da Evans, wanda aka ba lambar girma mafi daraja ta sojan Amurka bayan mutuwarsa. Kurita kuwa ya janye a wannan rana bai kai ga Leyte ba.

Wanda ya ɗauki niyyar ƙera maket ɗin wannan jirgi ya ɗauko kaya mai nauyi. Jirgin ba ya nan balle a je a auna shi, hotunansa kaɗan ne, kuma dangin mutanen da suka mutu cikinsa suna raye. In aka rubuta 557 bisa jikin wani jirgi dabam, an yi ma mamata ƙarya, ko da mai kallo bai gane ba.

Lissafin awo

Abu na farko shi ne zaɓen ma'auni. In an ce 1 bisa 350, ana nufin kowane tsawo an raba shi gida 350. Da wannan ma'auni «Johnston» zai fito santimetir 33 ba kaɗan, mutumin da ke tsaye bisansa kuma milimetir 5, kamar ƙwayar shinkafa. In an ɗauki 1 bisa 700 jirgin duka ya ɗara tsawon biro kaɗan. In an ɗauki 1 bisa 144 zai kusan kai santimetir 80, faɗinsa ya ɗara santimetir 8 kaɗan, mutum ya zama milimetir 12. Ma'aunin hukuma na 1 bisa 48 kuwa yana ba da maket mai metir 2 da santimetir 39, wannan sai gidan tarihi ko mai zaure na musamman.

Mai karatu zai zaci ƙaramin ya fi sauƙi. Ta wajen kuɗi da wurin ajiya haka ne, amma ta wajen kuskure abin ya juya. A ma'aunin 1 bisa 350, in hannu ya goce da milimetir ɗaya an matsar da abu santimetir 35 a jirgin gaske, kusan kamu ɗaya. Bakin igwa mai milimetir 127 ya koma wajen sulusin milimetir, ramin da sai da bakin allura ake huda shi. Gashin kan mutum ma, in aka ɗaura shi a matsayin igiya, ya zama igiya mai kaurin babban yatsa. A ma'aunin 1 bisa 144 abin ya ɗan yi dama: bakin igwa ya kusan milimetir ɗaya, bututun topido ya kai kaurin tsinken ashana biyu, shingen da ke hana mutane faɗawa ruwa ya tashi milimetir 7. Sai dai duk abin da ido zai iya gani, ido zai nema. A babban ma'auni ba a yafe ma mai maket marfin akwatin harsashi ko matakalar da ke jikin bututun hayaƙi, alhali a ƙaramin ɗigon fenti ya isa.

Tarkon tagwaye

Bayan ma'auni sai bincike, kuma a nan ne gwani ke rabuwa da mai gaggawa. Jirage 175 ɗin nan daga nesa kamar an tsaga kara, amma ba su zama ɗaya ba. Kusan sulusinsu, na farko-farko, suna da soron tuƙi mai tsawo, gabansa a zagaye. Da aka ga jiragen sama ne babban bala'i, sai aka sake zane: aka rage ma soron tsawo, aka yi shi mai kusurwa, da baranda buɗaɗɗiya kewaye domin kyaftin ya ga sama ta ko'ina. «Johnston» mai kusurwa ne. To, kayan roba da kamfanin Tamiya na Japan ke sayarwa a ma'aunin 1 bisa 350, da na kamfanin Revell na Jamus a 1 bisa 144, dukansu mai zagayen soro suka kwaikwaya. Wanda ya saye su yana nufin «Johnston», sai ya aje soron da ke cikin kwali ya gina wani da kansa, ko kuwa ya nemi na kamfanin Trumpeter na ƙasar Sin, wanda ya kwaikwayi «The Sullivans» mai soro irin na «Johnston».

Ƙananan bindigogin harbin jiragen sama su ma sun yi ta canzawa kusan duk lokacin da jirgi ya shiga maƙera. Na farko sun fito da kaɗan. «Johnston» ya fito da masu milimetir 40 guda 10, biyu-biyu a wuri biyar, da masu milimetir 20 guda 7. Saboda haka bai isa mutum ya ce jirgi kaza zai ƙera ba, sai ya faɗi wata da shekara.

Guda huɗu daga cikin irin sun tsira daga masu sayen tsohon ƙarfe, an maida su gidan tarihi: «Kidd» na birnin Baton Rouge, «The Sullivans» na Buffalo, «Cassin Young» na Boston, da «Velos» a ƙasar Girka. Ganinsu yana da amfani ƙwarai, domin a nan ake gane yadda ƙofar ƙarfe ke rufuwa da yadda sarƙar anga ke kwance, abin da zane ba ya nunawa sosai. Amma su ma tarko ne. «Kidd» shi ya fi kusa da kamannin zamanin yaƙi, duk da haka kamannin 1945 ne, bayan an cire masa jerin bututun topido na gaba an kafa ƙarin bindigogi saboda matuƙan Japan masu faɗowa da jiragensu bisa jirgi. Wanda ya kwafi «Kidd» ido rufe zai fito da «Johnston» mai topido biyar, jirgin da labarinsa duka ya rataya ga guda goma da ya harba. Madogara ta gaskiya ita ce zanen maƙera, irin wanda ke ajiye a gidan adana takardun gwamnatin Amurka, a haɗa shi da hoton da aka ɗauki jirgin a Siyatil ranar da ya shiga aiki.

Daga katako zuwa tagulla

Gangar jiki ita ce uwa. Wanda ya sayi kayan roba ya same ta a ƙere, aikinsa ya manna sassa ya cike tsaga ya goge har a kasa ganin mahaɗa. Wanda ya fi son yin komi da hannunsa yana da hanya biyu. Ta farko, a yanka alluna na itace mai laushi marar gaɓa, kowane allo bisa siffar jirgin a wani tsayi daga ƙasa, a jera su ɗaya bisa ɗaya a manne, sa'an nan a yi ta sassaƙa da magagari har matakan su ɓace. Ta biyu, a kafa ƙashin baya, a jera haƙarƙari, a rufe da siraran katako, kusan yadda ake ƙera jirgin gaske. Ko wace aka bi, ana yanka kwali bisa siffar cikin jirgin a wurare goma ko ashirin, a riƙa ɗora shi ana dubawa da haske: in haske ya ratsa tsakanin kwali da itace, an ci da yawa.

Abu biyu ne ke tona asirin sabon hannu. Daɓen jirgin ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar tebur. Yana hawa sannu sannu zuwa goshi domin ya karɓi igiyar ruwa, kuma yana da ɗan doro a tsakiya domin ruwa ya gangare ta gefe. In aka rasa wannan hawa, jirgin sai ya yi kama da kwalekwalen dakon kaya. Na biyu farfela: guda biyun ba iri ɗaya ba ne, ɗaya na juyawa dama ɗaya hagu, kowace madubin ƴar'uwarta ce. Akalar tuƙi kuwa guda ɗaya ce a tsakiya, irin da ya biyo bayan «Fletcher» ne aka yi ma biyu.

Sauran aikin na matsefata ne da madubin ƙara girma. Shinge, matakala, ragar rada da ke bisa doguwar sanda, duk roba ba ta iya fitar da su da siranta, sai tagulla. Ana ɗaukar faifan tagulla mai kaurin takarda, a buga zane bisansa da haske kamar yadda ake wanke hoto, a tsoma shi cikin ruwan magani ya cinye duk inda ba a rufe ba, abin da ya rage ya fito kamar saƙar gizo-gizo. Mai maket zai yanke shi da reza, ya lanƙwasa, ya manna da ɗigon gam da ya ɗauko a bakin allura. Tagullar ba ta jure lanƙwasa sau biyu sau uku, karyewa take yi. In kuma matsefata ta matse da ƙarfi, abin ya yi tsalle, shi ke nan, neman ƙwayar gero ne cikin rairayi. Igiyoyi kuwa wasu na yin su da siririyar waya, wasu su kara guntun roba bisa kyandir, in ya yi laushi su ja shi ya miƙe kamar zare. A ƴan shekarun nan an samu na'ura mai gina abu daga zanen kwamfuta, shimfiɗa bisa shimfiɗa, tana fitar da bindiga mai milimetir 20 da kujerar mai harbi a jikinta. Ta rage wahalar yatsu, amma in zanen da aka ba ta na 1945 ne, kuskuren 1945 za ta fitar da kyau.

Akwai masu sa ma maket inji da batir su tuƙa shi bisa tafki da rediyo. Su lissafinsu ya fi tsanani, domin nauyi ba ya raguwa kamar tsawo. Sai an raba shi da 144 har sau uku a jere, watau kusan gida miliyan 3. Jirgin da ya yi lodi yana da wajen tan 2,900, saboda haka maket ɗin duka, da inji da batir da fenti, bai kamata ya wuce kilo ɗaya ba, in ba haka ba ya nutse ya wuce layinsa. Kuma nauyin sai ya zauna can ƙasa, domin siririn jirgi da aka tara ma kaya a ka kifewa yake yi. Wannan damuwa ce injiniyoyin jirgin gaske suka yi fama da ita duk lokacin da aka ƙara bindiga. Gudu shi kuma ana raba shi da 12, lambar da in aka ninka ta da kanta take ba da 144. Kilometir 67 ya koma 5 da rabi a awa, tafiyar mutum mai sauri. A wannan gudu ne ruwan da goshin maket ke tsagawa ke yin siffar na jirgin gaske. In an wuce haka sai ya zama abin wasan yara.

Fenti da gardamarsa

Rundunar ruwan Amurka tana da tsare-tsaren fenti masu lamba. Tsari na 21, wanda jirage da yawa suka sa a tekun Fasifik, ya ce duk abin da ke tsaye a shafe shi da shuɗi mai duhu, duk abin da ke kwance kuma da wani shuɗin da ya fi shi duhu, domin matuƙin jirgin sama ya kasa rarrabe jirgi da ruwa. A hoton Siyatil «Johnston» ya fito da launi guda mai duhu tun daga ruwa har sama. Ƙasan jirgi ja ne, maganin tsiron ruwa, da baƙin layi tsakaninsa da shuɗin.

In aka shafa ainihin launin bisa maket sai ya fito baƙi ƙirin, komi ya ɓace ciki. Dalili kuwa, mai duban maket daga metir ɗaya kamar mai duban jirgi ne daga metir 144, kuma iskar da ke tsakani tana kashe kaifin launi, kamar yadda dutse mai nisa ke yin fari-fari lokacin hazo. Don haka gwanaye kan ɗiga farin fenti kaɗan cikin shuɗin, su fesa da ƴar bindigar iska shafe bisa shafe, saboda burushi yana barin sawu, kauri ɗaya na fenti kuma yana iya cike ramin da aka yi kwana ana hudawa.

Gardama tana wajen tsufa. Wasu na barin maket tsaf kamar ranar da jirgi ya fito maƙera, irin na gidajen tarihi. Wasu na zuba masa tsatsa daga ramin anga, da baƙin hayaƙi a bakin bututu, da farin gishiri a gefe, su ce jirgin da ya yi shekara cikin ranar Fasifik ba zai zauna sabo ba. Suna da gaskiya, shuɗin nan yana koɗewa da rana. Amma da yawa kan wuce gona da iri har jirgi ya koma kamar wanda aka yar a bakin gaɓa. Mutum 300 da ke ciki ba zaune suke ba, kankare tsatsa da shafa fenti aikinsu ne na kullum, kuma «Johnston» bai cika shekara ba. Tsatsa kaɗan inda ruwa ke bi ta fi kusa da gaskiya, ta kuma fi mutunta masu jirgin.

Abin da aka gani a ƙarƙashin teku

Shekara 75 ba wanda ya sa ido bisa jirgin. A 2019 jirgin bincike «Petrel» ya hango tarkace a zurfin da ya wuce metir 6,200, amma ba a iya tabbatar da ko na wane ne ba, domin «Hoel», wanda ya nutse a safiya guda, shi ma irin «Fletcher» ne. A ƙarshen Maris 2021 Victor Vescovo, tsohon hafsan sojan ruwan Amurka, ya sauka da ƙaramin jirgin nutso mai ɗaukar mutum biyu, ya bi sawun da gangar jikin ta bari tana gangara, ya same ta a zurfin metir 6,456. Kashi biyu cikin uku na jirgin, daga goshi, yana zaune daidai bisa cikinsa. Soron tuƙi na nan, igwa biyu na gaba na nan, mazaunan topido na nan, ga ramukan harsasai a jiki. Ba a taɓa komi ba, domin kabari ne, kuma dokar Amurka ta 2004 ta hana taɓa jiragen soja da suka nutse. Hotuna da awon da aka yi an miƙa su ga rundunar ruwa. A lokacin babu jirgin da aka taɓa ziyarta a zurfi irin wannan, sai a Yuni 2022 da Vescovo ya gano «Samuel B. Roberts», abokin faɗansa na wannan rana, a wurin da ya fi zurfi.

Ga masu maket, waɗannan hotuna sun zama shaida ta uku bayan zanen maƙera da hoton 1943, kuma su kaɗai ke nuna jirgin yadda yake a ranarsa ta ƙarshe. Sun kuma buɗe wani zaɓi: akwai mai ƙera shi sabo fil bisa ginshiƙai biyu na tagulla, akwai mai kafa shi cikin ruwan ƙarya yana tsaga teku da hayaƙin auduga a bayansa, akwai kuma mai kwaikwayon gawar jirgin kwance cikin laka. Kowane ya zaɓa, akwatin gilashi tilas ne, domin ƙura in ta sauka bisa shingen tagulla ba a iya share ta sai an karya wani abu.

Lamba ita ake sawa daga ƙarshe. A zamanin yaƙi ƙanana ake rubuta su, farare, tsayin wajen santimetir 60 a gefen goshi, domin kada abokan gaba su karanta daga nesa. Manyan lambobi masu inuwa da ake gani a hotunan bayan yaƙi ba na wannan zamani ba ne. A ma'aunin 1 bisa 144 tsayinsu milimetir 4 ne da ɗan ɗoriya. Ana jiƙa ƴar takardar da ke ɗauke da su, a zame su bisa fenti da bakin burushi, a tsane ruwan da auduga, a fesa ruwan kariya marar ƙyalli. Da wannan lamba ce, 557, wadda fitilun jirgin nutso suka haska a goshin jirgin ta dama da hagu, aka tabbatar a 2021 cewa «Johnston» ne ba «Hoel» ba.